Ɗan Farin Goggo Sakinatu

A Fulatan idan ka tambayi gidan Goggo Sakinatu, sai an ce maka wacce daga ciki. Amma ka ce Uwar Sojoji, nan take za a nuna maka gida mai durumi a ƙofa. Shekara shida ta yi tana daka yaji da dambun nama tana aikawa Barno, ta hannun wani direba da ke lodi a Karaye. In aka tambaye ta na wa ne, amsarta ɗaya ce: "Na sojoji ne. 'Ya'yan mutane suna can daji, abinci ba ɗanɗano."

Kowa ya san soja ɗaya take nufi. Ba wanda ya taɓa faɗa mata haka.

Ɗanta ne na fari. Goggo ta tashi a gidan da uwa ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta ma nuna ta san yana wurin. Ana yaye shi aka miƙa shi ga wan mijinta, Hamma, a Falgore, can ya girma. In ya zo gaishe ta, sai ta kau da kai ta ce wa ƙanwarsa Radiyya, "Ki ba baƙon nan ruwa." Shi kuma ya yi dariya ya ce, "Baƙo ya gode, Goggo." Ranar da zai tafi aikin soja, rabin unguwa sun raka shi bakin titi. Ita tana ɗaki tana tsince waken da aka riga aka tsince.

Ranar Juma'a yake kira. Radiyya ke ɗauka, ta buɗe murya, ta ɗora wayar a kan kifaffen turmi. Goggo ta zauna gefe kamar ba da ita ake ba.

"Radiyya sarkin surutu, tsohuwar tana kusa?"

"Ga ta nan, wai tankaɗe take."

"Wane tankaɗe? Daga nan ina jin rariyar ba gari a ciki. Ki ce mata yaji ya iso. Wani abokina Bayarabe ya ci har da hawaye, ya ce a ƙaro."

A kiransa na ƙarshe bai yi barkwanci ba. Ya ce, "Goggo, yau dai ki ce mini wani abu da bakinki. Ko zagi ne ina so."

Radiyya ta turo mata wayar. Mata biyu maƙwabta suna tsakar gida sun zo aron taɓarya, sun zuba ido. Goggo ta dube su, ta dubi wayar, ta ce, "Ki ce masa ya riƙa rufe robar, kar yajin ya sha iska."

Bayan kwana tara motarsu ta taka nakiya. Can aka binne shi, ba wanda ya ga kabarin daga gida.

Da shekara ta zagayo, tsofaffin sojojin yankin suka yi shawarar kafa allon dutse a bangon ɗan ofishinsu a Rogo, da sunayen yaran da suka rasu a fagen daga. Sharaɗi ɗaya suka sa: sai iyaye sun yarda. Mijin Goggo ya daɗe da rasuwa, Radiyya ta yi aure a Karaye, saboda haka shugabansu, Saje Ɗantala, ya zo wurinta da kansa. Ya tarar da tsakar gida cike da mata ana ɓarar gyaɗa. Aka yi gaisuwa, aka sake ta'aziyya, sannan ya ce, "Goggo, amincewarki muke nema, mu sa sunan marigayi."

Tana so. Ta faɗa wa Radiyya daga baya cewa ba ta taɓa son wani abu haka ba. Amma mata takwas suna sauraro, sai bakinta ya faɗi abin da ya saba: "Ku tambayi masu shi."

A tunaninta zai dawo, ko ya aiko matarsa ta same ta a ɗaki, yadda ake yi in ana son jin gaskiyar uwa. Ɗantala kuwa rabin rayuwarsa a bariki ya yi ta, in an ba shi amsa ya ɗauka amsa ce. Ya hau babur ya nufi Falgore.

Hamma ko tabarma bai shimfiɗa masa ba.

"Ni na raine shi, ni na hana shi aikin nan bai ji ba. Yanzu an cinye mini shi, za ku liƙa shi a bango kamar tallan taki? 'Ya'yan manya nawa ne a allon naku, Saje? Lokacin da na ji a rediyo matan sojoji sun fito titi suna cewa a daina tura mazajensu, wallahi da ina da gwiwa da ni za a yi."

"Hamma, ni ma na binne abokai. Ba yaƙi muke yabo ba. Don kar a manta ne."

"Ni na ce maka na manta? Addu'a yake buƙata, ba bango ba."

Goggo ta yi wata biyu tana jiran sallama a ƙofa. Da ta ji an buɗe allon, ta aika Radiyya ta zo, suka tafi Rogo ranar kasuwa. Radiyya ta karanta mata suna bakwai.

"Sake karantawa."

Ta sake. Bakwai ne, babu nasa.

Ɗantala ya fito yana murza hula a hannu. Ya ce a Kano aka sassaƙa dutsen, ya cika, ba wurin ƙari. Sai dai fenti a kan siminti daga ƙasa, shi ma in Hamma ya sauko.

"Hamma ya raina," in ji Goggo. "Ni na haifa."

Aka kira mai fenti daga bakin kasuwa. Ya durƙusa ya ce, "Wane suna, Hajiya?" Radiyya ta buɗe baki, Goggo ta riƙe mata hannu.

"Abdulmutalib."

Shekara talatin da ɗaya da haihuwarsa, ranar ce ta fara fitar da sunan daga bakinta. Hamma bai je ya gani ba, bai kuma sa an goge ba.

Fenti ba dutse ba ne, kowace damina sai ya koɗe. Da kaka ta yi Goggo takan je a sabunta, mai fentin ya san sunan sarai amma yakan tambaya, ita kuma ta faɗa da ƙarfi. Har yau tana aika yaji Barno, yanzu na sojojin ne da gaske. Radiyya ta ce duk sanda suka baro bangon, har su hau mota magana ɗaya take maimaitawa: "Wayar tana gabana, Radiyya. Mata biyu ne fa kawai a gidan."