Ranar da Na Rage wa Kwamfuta Lodi

Shekara da shekaru na yi ina jan gingimari tsakanin Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa, ban taɓa kai buhun kowa rami ba. Sai da na tsufa na aje tuƙi sannan na fara kifar da mota sau goma a wuni, ina zaune bisa tabarma a ɗakina.

Lokacin man fetur ya sake yin daraja, babban ɗana yana aiki can kudu, aljihu ya yi nauyi. Ya aiko da kwamfuta wai a riƙa rubuta takardu. Wa zai rubuta? Ni da boko ko gaisawa ba mu yi. Amma ɗiyata, malamar makaranta ce a Faskari, ta nuna mani wasan tseren mota a ciki. Maɓalli huɗu ne kawai: totur, birki, hagu, dama. Shi ke nan na samu sana'a.

Abokin karawata tsohon karen motata ne, wanda yanzu shi ma ya yi furfura, ya je Makka ya zama Alhaji, yana saida hatsi a Sheme. Duk ranar kasuwa sai ya biyo da hantsi. Baƙo shi ke fara cin tuwo, don haka shi ke fara tuƙi. Motar ta tafi mashi sumul. In ya gama zagayensa na karɓa, sai ta fara cijewa, ta tsaya cak, ta zabura, kafin in ankara ina cikin katanga.

"Oga, hannun ne ya mutu," in ji shi. "Ka bar wa yara."

"Kai ne yaran? Kai da sai da na shekara ina nuna maka giyar baya?"

Dariya nake, amma abin yana ci na. Labari ya fara kai tasha cewa wanda ke sa mani waigi a taya yanzu shi ke koya mani tuƙi.

Wata rana bayan ya tafi, na kai hannu zan matsar da akwatin kwamfutar, na ji shi da zafi rau kamar bonet a hawan dutse. Matata Hajiya, don girmama kayan ɗanta, ta saƙa mashi riga mai kauri, ta lulluɓe shi ruf, ta tura shi lungun kabad, ta aza farantin tangaran a sama. Ashe Alhaji na tuƙa inji da sanyinsa, ni ina karɓar shi ya tafasa.

To wannan kam karatuna ne. Na tuɓe rigar, Hajiya na tsaye tana cewa, "Malam, tsirara za ka bar shi gaban baƙi?" Na jawo shi fili, na aza bisa bulo biyu, na kwance murfin gefe, na saita fankar tebur tana hura cikinsa. Ya yi sauƙi, amma a kwana yana ɗan shaƙewa.

Da malama ta zo na ce mata, "Wannan motar lodi ya yi mata yawa. Ina ake sauke kaya?" Ta yi ta dariya, sannan ta buɗe wani shafi tana karanta mani. Inuwar itatuwa? Sauke. Hayaƙin taya? Sauke. 'Yan kallo a gefen titi? Na ce su sauka, ba su biya kuɗin mota ba. Ta kashe wasu abubuwa da ke aiki a ɓoye ba a gayyace su ba. Titin ya koma fayau kamar gona bayan girbi, amma mota ta tashi kamar an sake mata inji.

Ranar kasuwa Alhaji ya zo, ya yi zagayensa. Na gyara zama, na yi bisimilla. Ko sau ɗaya ba ta cije ba, ban shafi katanga ba, na sha kwanar nan kamar ina gangaren Mabai. Da lokaci ya fito, Alhaji ya riga ni da ɗan abin da bai kai ƙiftawar ido biyu ba.

Ya dube ni, ya dubi fanka. "Oga, yau kuma mi ya yi zafi?"

"Shayinka. Shanye ka karɓi maɓallan, sai mun sake."