Kwat ɗin da Yaya Ya Auna a Talabijin

Yayana tela ne, amma in ka shigo layinmu ka tambayi shagon tela, wani wuri daban za a nuna maka. Ka ce Alƙali kake nema, nan take za a nuna maka ƙofarmu. Bai taɓa taka kotu ba, ko da a matsayin shaida. Sunan ya samo shi ne daga wani wasan gem, irin wanda ake bugawa a talabijin, da ya shekara goma sha ɗaya yana yanke wa hukunci kullum, ba tare da kowa ya kai ƙara ba.

Wasan kashi biyar ne. Jaruminsa wani siririn mutum ne mai shuɗiyar kwat har idon sawu, yana tsalle a saman benaye yana saran wasu dodannin ƙarfe da takobi da sarƙa. Dogo ake ce masa a layinmu. A wasan nan kisa kaɗai ba ya isa, sai ka yi shi da yanga. In ka sari dodo sau biyu iri ɗaya, a rage maka maki. In ka cilla shi sama, ka bi shi, ka juya sau uku, ka diro kana gyara kwala, sai a yaba maka. Wato dai don masu son a kalle su aka ƙirƙire shi, shi ya sa ya zauna wa Yaya daram.

Kada in ci haƙƙinsa, yana da hannu. Tun yana ɗan shekara goma sha huɗu yake ɗora hannun riga ba tattara ko ɗaya, har Baba ya riƙa kiran maƙwabta su zo su gani. Da Baba ya rasu, Allah ya jiƙansa, ya bar mana keken ɗinki biyu da teburin yanka da dogon madubi mai tsaga a gefe. Mama ta danƙa wa Yaya makulli tunda shi ne babba. Ni kuma aka bar mini guga da kalmasa da saka maɓalli da ba wa mutane haƙuri. A cikin ayyukan nan, na ƙarshen ya fi cin lokacina.

Talabijin ta shigo shagon ne da sunan ɗebe wa masu jiran ɗinki kewa. Ba a yi wata biyu ba masu jiran suka gane cewa ita ce dalilin jiran nasu. Yaya zai zauna a kan kujerar keke, ya ba keken baya, tef ɗin awo rataye a wuyansa kamar wani mai aiki, yana buga gem yana zuba. Kashi na ɗaya, a cewarsa, na maza ne. Na biyu kuskure ne, ba a ambatonsa a gabansa. A na uku aka gama wasa, duk abin da ya biyo baya cin kasuwa ne kawai. Amma na huɗu shi ne abin da ke sa jijiyar wuyansa ta tashi, domin a nan aka rage wa Dogo tsawon kwat zuwa gwiwa, aka cire maɓallai aka saka mata zif.

"Zif!" haka yake cewa, yana nuna talabijin da almakashi. "Mutumin da ke yaƙi a saman bene za a saka wa zif kamar jakar makaranta? Wanda ya zana wannan bai taɓa riƙe allura ba, wallahi. Kuma duk mai son kashin nan, ka bincika, ba ya iya komai a rayuwa."

Akwai wani direban bas da ya yi suɓutar baki ya ce shi dai na huɗun ya fi masa daɗi. Yaya ya naɗe masa yadinsa ya miƙa masa, ya ce ya nemi tela daidai da shi. Ni kuwa da nake guga a bayansa ina ganin makin da wasan ke ba shi in an gama kowane zagaye. Matsakaici ne, kullum matsakaici. Sai ya yi tsaki ya ce abin dannawar ne ya tsufa. Abin dannawa huɗu na ga ya canza, dukansu da tsufansu suka zo daga kanti.

Mama ba ta cika zuwa shago ba, amma labari yana isa gida kafin mu isa. A wata guda kaya uku suka dawo: siket ɗin wata malamar makaranta da ya fito gefe ya fi gefe, wandon wani tsoho da aka manta da aljihunsa, da rigar da aka ɗinke wa wuya a baibai. Ran nan sai ga ta da hantsi, ta tsaya a bakin ƙofa, ba ta ko zauna ba.

"Ka ji ni da kyau," ta ce masa. "Sunan mahaifinku ne a saman ƙofar nan, ba na wannan dogon banzan ba. Kaya ɗaya ya sake dawowa, makulli ya koma hannun ƙanwarka. Na gama magana."

Ya ce, "Haba Mama," yana 'yar dariya. Bai ma dakatar da wasan ba. Ni kuma na kasa kunne sosai. Ina son makullin nan, kuma ba zan ɓoye ba. Na daɗe ina sonsa.

Bayan mako biyu mai kemis ɗin bakin titi ya shigo da yadi a leda. Gajeren mutum ne mai tumbi, mai yawan fara'a, kuma tun zamanin Baba a wurinmu yake ɗinki. Shi ma yana taɓa wasan in ya samu sarari. Ya ce 'yan gem za su yi taro a wani zaure, kowa zai yi shigar jarumin da yake so, shi kuma kwat ɗin Dogo yake so a ɗinka masa.

"Amma ta kashi na huɗu, Alƙali," ya ce, yana shafa ciki. "Ka ga ni ba tsawo gare ni ba. Gajeruwar za ta fi yi mini."

Yaya ya yi masa wani kallo daga sama har ƙasa, irin kallon da ake yi wa yadin da ya yi zuba.

"Yallaɓai, da girmanka? A shagon nan ba a ɗinka zif a jikin Dogo. Ta kashi na uku zan yi maka, ka shiga zauren nan kowa ya miƙe tsaye."

Mai kemis ba mai son musu ba ne, ya ce to. Na ɗauko tef zan auna shi, Yaya ya ɗaga mini hannu.

"Ajiye. Kwat ɗin Dogo ba a auna ta a jikin kowa. Awonta yana nan." Ya nuna talabijin.

Na ɗauka raha yake yi. Ashe da gaske ne. Mai kemis yana fita, Yaya ya tsayar da wasan daidai inda Dogo ya miƙe ya buɗe hannuwa, ya manna tef a fuskar talabijin, ya auna kafaɗa, ya auna ƙugu, ya auna daga wuya zuwa idon sawu. Ya cika bayan wata tsohuwar kalanda da lissafi, yana ninka kowane awo har ya kai girman mutum. Da na leƙa sai na ga ƙugu inci ashirin da shida. Ƙugun mai kemis arba'in da huɗu ne, na san shi kamar sunana, ni nake kalmashe masa wanduna.

"Yaya, wannan zane ne fa," na ce. "Wanda ya zana shi bai bar masa wurin hanji ba."

"Ke da ba ki taɓa wuce zagayen farko ba, me kika sani? Je ki yi gugarki."

Na je na yi gugata. Sau ɗaya na faɗa, ban sake ba. Da na so, da na je wurin Mama, ko in lallaɓa wurin mai kemis in auno shi, ko in ƙara ƙyalle a gefe lokacin da Yaya ya fita cin abinci, kamar yadda na sha yi a baya ina rufa masa asiri. Wannan karon na yi shiru, kuma na san dalilin shiruna.

Kwana tara ya yi a kan kwat ɗin nan, kuma abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ban taɓa ganin ya yi aiki irin wannan ba. Talabijin tana kunne amma ba ya bugawa, kallon hoton kawai yake yi. Ya yi mata shafi ruwan ɗorawa, ya ɗinke shi da hannu. Maɓalli goma sha biyu, kowanne sai da ya lulluɓe shi da yadi. Kwalar ta tsaya cak ba tare da ya saka mata komai mai tauri ba. Hannun da Baba yake kiran maƙwabta su gani yana nan ashe, bai je ko'ina ba. Mu ne dai bai ga mun cancanta ba, da malamar makaranta da tsoho mai wando da ni. Mutumin da ba shi da jini a jika ne ya cancanta.

Ranar gwaji mai kemis ya zo da yamma, murna fal cikinsa. Mama ma ta zo, don Yaya da kansa ya gayyato ta ta ga abin da ake kira ɗinki. Ta zauna a kan benci ta ɗora jakarta a cinya. 'Yan zaman shago uku su ma suna nan, waɗanda kullum suke gyaɗa masa kai.

Mai kemis ya zura hannun dama, ya tsaya a gwiwar hannu. Ya gwada na hagu, bai kai nan ba ma. Kafaɗun suka yi masa tsayuwar fuka-fuki a bayan kunne, ƙasan kwat ɗin ya kwanta a siminti yana sharar zare. Gaba da gaba kuwa, tsakanin maɓalli da raminsa sai ka ajiye faranti. Bawan Allah ya dubi madubi, ya yi ƙoƙarin yin dariya, ba ta fito ba.

"Kwat ɗin ba ta da laifi," in ji Yaya. "Inci ɗaya ban kauce ba. Jikinka ne bai yi daidai ba, yallaɓai."

Mai kemis ya zare hannunsa a hankali, ya ninke kwat ɗin da kyau, ya ajiye a kan teburin yanka.

"Shekara ashirin mahaifinku yana yi mini ɗinki," ya ce. "Da tumbin nan ya san ni. Bai taɓa ce mini jikina ne bai yi daidai ba." Ya juya ya gai da Mama, ya fita.

Mai hankali da a nan ya tsaya. Yaya kuwa sai borin kunya. Ya fizgi kwat ɗin yana cewa mutane ba su san yadda ake saka ta ba ne, bari ya nuna mana. Ya mayar da hannuwansa baya ya zura su lokaci guda, irin yadda Dogo ke yi a farkon wasa, ya girgiza kafaɗa da ƙarfi. Ta shiga. Wato ta shiga ta kama shi. Hammatar ta matse, hannuwansa biyu suka maƙale a baya, ƙirjinsa ya turo gaba kamar zakaran da aka ɗaure wa fiffike. Ya yi gaba, ya taka ƙasanta, ya dafe bango da goshi. 'Yan zaman shagon suka sulale ɗaya bayan ɗaya, muna jin dariyarsu tun daga bakin titi.

Mama ta miƙe ta miƙa masa tafin hannu.

"Makulli."

Ya yi ƙoƙarin kai hannu aljihu, yatsunsa kawai ke motsi a bayansa. Ya sake gwadawa, gumi yana tsiyaya ta cikin kwalar nan mai kyau. Sai Mama ta matsa ta zura hannu a aljihun wandonsa da kanta, kamar yadda take yi masa yana ƙarami in ya ɓoye wani abu, ta zaro makullin ta saka mini a hannu. Ba ta dube shi ba, ba ta dube ni ba. Ta ce in fitar da shi daga cikin abin nan kafin numfashinsa ya ɗauke, ta tafi gida.

Muka rage mu biyu. Na daɗe ina hango wannan ranar, na ma tanadi maganganun da zan faɗa masa, amma ko ɗaya ba ta zo bakina ba. Na jefa makullin a aljihun rigar aikina, na ɗauko babban almakashi, na kama kwat ɗin ta tsakiyar baya.

"Tsaya," ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa. Na tsaya. Na zaci shagon zai roƙa, ko ya ce in ba Mama haƙuri, ko ya ce in bi mai kemis.

"Don Allah bi ta ɗinki. Kada ki taɓa yadin."

Na ajiye almakashin na ɗauko reza. Ɗinkin ƙanana ne, a jere, a matse, ban taɓa farke mai kyansa ba. Sai da na yi kusan awa guda ina tsinke shi zare bayan zare, yana tsaye ya ba ni baya yana numfashi sama-sama. Sau uku ya tambaye ni ko shafin ya yage. Shagon kuwa ko sau ɗaya bai tambaya ba.