Hancin Desimir

Shekara arba'in da ɗaya ina auren Desimir bakanike, kuma a ukun ƙarshe ni ce hancinsa. Na gaji, ba zan ɓoye ba.

A garin nan namu na gindin dutse, da sanyi ya kama, kowace mota farin hayaƙi take fitarwa da safe. Yawanci tururi ne, inji na yin ɗumi zai ɓace. Amma akwai farin da ruwan lagireto ne ya sami kafa ya shiga inji yana ƙonewa, wanda kuwa ya hau dutse da irin wannan mota, a hanya za ta yar da shi. Da fari ido ba ya raba su, sai hanci. Mugun yana da wani zaƙi-zaƙi, kamar sukarin da ya kama a tukunya.

Da wannan Desimir ya yi suna. Ko bonet ba ya buɗewa. Ya durƙusa bayan salansa, ya tara tafin hannu, ya shinshina, ya miƙe ya faɗi cutar. In hayaƙin shuɗi ne, baƙin mai take sha. In baƙi ne, fetur ya yi mata yawa. Wannan ko makaho ya sani, in ji shi. Farin ne ke raba gwani da ɗan koyo. Har daga ƙauyuka ake zuwa ana kiransa maistor, wato babban gwani, shi kuma yana ta hura hancin nan.

Sai wani zazzaɓi ya kwantar da shi mako biyu. Ya tashi, hancin bai tashi ba. Na gane ne ranar da wake ya ƙone ƙurmus a murhu, shi yana zaune dab da tukunyar yana karanta jarida.

"Ki rufa mini asiri, tsohuwa," ya ce. "In aka ji, wa zai ƙara kawo mini ko keke?"

Shi ne muka shirya. Mota na tsayawa zai ƙwala mini kira, "Milunka, kofi!" In ɗauko faranti, in bi ta bayan motar, in tsaya kamar ina gyara ɗankwali. In na ji zaƙin nan, sai in tambayi mai motar, "A ƙara sukari?" In ban ji ba, in yi shiru. Shi kuma ya durƙusa da gwiwoyinsa masu ƙara, ya yi shinshinarsa ta banza, ya yanke hukunci. Hunturu uku ina shaƙar hayaƙi cikin ƙanƙara. Tari ya zauna mini a ƙirji, rigunana duka warin salansa suke. Ko na gode bai taɓa ce mini a gaban mutane ba, ta yaya ma zai ce?

Ran nan cikin Janairu, Obren maƙwabcinmu ya kawo tsohuwar motarsa tana fitar da farin hayaƙi. Matarsa Zagorka na kujerar baya, a naɗe cikin bargo. Sau uku a mako yake haye dutse da ita zuwa asibitin birni wankin ƙoda. Ni kuwa mura ta toshe ni, ko tafarnuwa ba na ji. Na fito da faranti, na tsaya a bayan motar, na ja numfashi har idona ya yi ruwa. Babu. Na dubi Desimir na girgiza kai kaɗan.

Ya daɗe a durƙushe.

"Maistor, faɗa mini," in ji Obren. "Ƙarfe goma za a ɗora ta a kan na'ura. In motar nan ta mutu mini a kan dutse cikin wannan sanyi, ka san sauran."

Na ga bakin Desimir ya shirya cewa tururi ne. Tara cikin goma ai tururin ne. Sai ya dubi bargon nan ta gilashi.

"Obren, ban sani ba," ya ce. "Shekara uku ban ji warin komai ba. Durƙuso ka shinshina da kanka."

Obren ko mamaki bai yi ba. "Haba maistor, ai mun sani. Ni Milunka nake jira ta ce a ƙara sukari."

"Ku wa?"

"Kowa mana. Har limamin coci. Wa ke kai wa baƙo kofi ta bayan salansa?"

Obren ya durƙusa, ya shaƙa, ya ce kamar alawa. Desimir ya zaro makullin motarmu ya miƙa masa, suka ɗauki Zagorka tare suka mai da ita ciki. Ta isa a kan lokaci.

Na yi zaton zan ji sanyi a raina, tunda kayan ya sauka. Ban ji ba. Tausayin Desimir na ji, da haushin hunturu ukun nan. Yinin ranar ya zauna a kan tsohuwar taya yana goge sifana guda ɗaya da ba ta da datti.

Washegari da safe wata mota ta yi hon a ƙofar gareji. Na jira kiran kofi. Yana kujerarsa gefen murhu, jaridar a cinya, bai ko ɗaga kai ba.

"Je ki, tsohuwa," ya ce. "Wurinki suka zo."

Na sa rigar sanyi na fita, ban ɗauki faranti ba.