Ƙibar Hajara da Baƙon da Ke Cikinta

Shekara ashirin da shida ke nan da rasuwar matata Hajara, Allah ya jiƙanta. Har yau in na bi ta kasuwar Bungudu, tsofaffin masu sayar da nono kan ce, "Malam, ina gidan Giwa?" Haka suke kiranta, ita kuwa dariya take yi har kafaɗunta na rawa. Da jikinta na aure ta, da shi ta haifa mini 'ya'ya, da shi take daka tun ina makarantar da nake koyarwa har in dawo.

A ƙarshen shekarun casa'in ta fara gajiya, cikinta yana nauyi. Na kai ta wani asibiti a Gusau. Likitan matashi ne, ga layi har waje. Ya sa ta hau sikeli, ya duba, ya ce ƙiba ce, ta rage tuwo, ta bar mai da fura. Bai taɓa ta ba.

Hajara ta bi maganarsa kamar farilla. Ta tuƙa mana tuwon dawa, ita ta koma gefe da dafaffen zogale. Kumatunta suka faɗa, awarwaro ya fara zamewa a hannunta, ciki kuwa sai gaba yake yi. Muka koma, aka ce ta ƙara ƙoƙari. A mota ta ce mini kunya take ji, kamar ita ta jawo wa kanta ciwon da cokali.

Da damina ta wuce muka sake zuwa. Likita ya nuna sikeli, ba ta tashi ba. A hankali ta ce, "Likita, ƙibar nan tare muka girma, na san halinta, ba ta taɓa hana ni barci ba. Wanga da ke cikina baƙo ne. Don Allah ka duba shi."

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Likitan ya ajiye biro, ya kira ma'aikaciyar jinya, suka duba ta. Ƙari ne, ya riga ya girma. Aka yi aiki, ta ƙara wasu watanni tare da mu, sannan ta cika. Ban riƙe likitan a zuciya ba. Ya zo ta'aziyya har gida, ya zauna a tabarma, ya yi mata addu'a.

Yanzu ina ganin 'yan mata, wasu na shan shayin rage tumbi, wasu na haɗiyar ƙwayar ƙara ƙiba, kowacce na faɗa da jikin da Allah ya ba ta. Da Hajara na nan, na san ba wa'azi za ta yi musu ba. Kwano za ta tura musu gaba, ta tambayi abin da ke damunsu, ta saurara har su gama.

Ba ta bar gona ba, ba ta bar shanu ba. Ta bar zannuwa cike da adaka, manya-manya, waɗanda aka rasa wanda za su yi wa daidai. Sai da autarmu Balkisu ta girma ta yi aure a Tsafe. Ran sallar da ta wuce ta shigo gidan nan ɗaure da ɗaya daga ciki, shuɗi, ya zauna mata cif. Ta durƙusa tana gaishe ni, ni kuwa idona na kan zanen mahaifiyarta.