Lawali Dogari da Cigiyar Uwar Haruna

A Kalgo, a shekarun da Nasara bai daɗe da cin ƙasar Gwandu ba, an yi wani dogarin hakimi da ake kira Lawali Mai Cigiya. Kada ka ji an ce dogari ka hango ƙato mai tsawa da bulala. Ina! Lawali siriri ne, ga ƙaramar murya, bulalarsa ma sai ta yi wata a rataye bai taɓa ta ba. Aikinsa guda ne. In baƙo ya faɗi a kasuwa, ko alƙali na neman magajin wani, ko takarda ta zo daga Birnin Kebbi da sunan mutum tsirara, ba uba ba unguwa, to Lawali za a kira a ce, “Je ka nemo mana mutanensa.”

Shi kansa kuwa ba wanda ya san mutanensa. Yana ɗan yaye aka tsince shi a wani kango bayan mahara sun wuce, aka kawo shi gidan hakimi, ya tashi tsakanin zaure da barga, yau wannan ta ba shi tuwo, gobe waccan ta kore shi. Fuskarsa sumul, ba aska ko ɗaya, a ƙasar da kowa ke yawo da asalinsa a kumatu. Aure sau ɗaya ya yi. Matar, Rahmatu, ta rasu a shekarar yunwa, bai sake ba. Kuma wa ke zaman hira da jar riga? Da ya doso majalisa sai magana ta mutu, wani ya tuna yana da ban ruwa a fadama, wani ya tuna akuyarsa ba ta dawo ba. Shi kaɗai yake cin tuwonsa a ƙofar ɗaki, kuma abin yana masa ciwo, ko da yake bai taɓa faɗa wa kowa ba.

Amma wajen aiki, kai, sai dai a sara masa. Yakan ce suna ba ya kai ka gida, don Abu da Garba sun fi gero yawa. Fuska yake fara dubawa: zane nawa ne, daga ina ya tashi, ina ya tsaya. Sai tafin hannu, don kantar fartanya daban, ta igiyar guga daban, ta mai tuƙa kwalekwale daban. Yana kuma da doka ɗaya da ba ya karyawa: ba ya faɗin abin da ke tafe da shi sai ya tabbatar da gida. Ya ɗauki wannan darasin ne tun ranar da wani abokin aikinsa ya sa aka yini ana kukan mutuwa a gidan da ba nasu ne mamacin ba.

Bayan an gama yaƙin Jamus, waɗanda aka kwasa ɗaukar kayan soja suka fara dawowa ɗai-ɗai, wasu da ƙafarsu, wasu sai labari. Ran nan da hantsi Laraba mai fura ta tarar da wani kwance a gindin tsamiyar bakin kasuwa. Bai fi shekara talatin ba, amma ya rame kamar kara, ɓarin jikinsa ya shanye, baki ya karkace. Ta sa aka ɗauke shi zuwa zaurenta. Aka yi tambaya har aka gaji, kalma biyu kawai ya iya fitarwa da ƙyar. Ya ce, “Haruna.” Can an jima ya ce, “Gwandu.” Daga nan harshe ya ƙi.

Mai magani ya duba shi ya ce, “Rai na Allah ne, amma in yana da nasa, a yi hanzari.” Hakimi ya kira Lawali ya ce, “Kada bawan Allah ya cika a hannun baƙi. Tashi.”

Lawali ya durƙusa gaban mara lafiyan. Hannun manomi ne, zane irin na Kabawa. Sai ya lura zanen kuncin dama ya fi na hagu zurfi, wutsiyarsa kuma ta ɗan karkata sama. Ya samo sakaina da gawayi ya kwafe shi tsaf. Duk abin nan da yake yi, idon Haruna na kansa. Lawali ba mai yin alkawari ba ne, amma ranar bakinsa ya riga shi. Ya ce, “Ka jira ni. Zan kawo maka naka.”

Kwana biyu ya yi a ƙafa kafin ya shiga Gwandu, yana tafe yana tunanin ko garin Gwandu mutumin yake nufi ko ƙasar baki ɗaya. A garin kuwa ya sha abin da ya saba sha. Wani majemi ya dafa ƙirji ya ce, “Haruna? Ranka ya daɗe, tun da aka haife ni ban taɓa jin mai wannan suna ba.” Alhali ga ƙanensa Haruna tsaye bayansa riƙe da fata! To, ba ka ganin laifinsu. A zuwan jar riga na baya ai 'ya'yansu ta tafi da su.

Sai Lawali ya yi abin da zai iya raba shi da aikinsa. Ya ratse bayan wata katanga, ya tuɓe jar riga da rawani ya cusa a burgami, ya fito da 'yar taguwa kamar falke. Ya nufi rumfar wanzamai, ya miƙa sakainar ga wanda ya fi su tsufa, ana ce masa Mamman.

Tsohon ya kai ta kusa da ido, ya juya ta. Can ya ce, “Allahu akbar. Wagga ba askar garin nan ba ce, hannun bahago ne. Yayana Sule, Allah ya jiƙan shi, shi kaɗai ke yanka haka. Masama ya yi zama, da ƙauyukan bayanta. Tafi can, ɗana.”

A Masama ba a gudu ba, tunda ba a ga ja ba. Amma ba wanda ya san Haruna da aka kwasa. Wani dattijo ya ce, “Gida ɗaya aka ɗauki yaro a nan, shi kuma Nomau muke ce mishi tun yana goye. Sunan yanka? Ubansa ya rasu, malamin da ya raɗa ya rasu. Sai dai uwar, Hadiza. Ga ta can wajen sussuka.”

Ya same ta cikin mata kusan goma, har da 'yan'uwan mijinta, ana ta lugude. Tsohuwa ce gajeruwa, zanenta ya koɗe. Ya yi sallama, taɓarya ta tsaya. Ya ce, “Inna, kina da ɗa mai suna Haruna?”

Ba ta ɗago ba. Ta kalli cikin turmi ta ce, “Ban san wani Haruna ba.”

Ya sake tambaya, ta sake faɗa, ta ci gaba da dakanta. Lawali ya tsaya ya auna. Ba jar riga a jikinsa, balle ya ce tsoro ne. Kuma a tunaninsa, wace uwa ce ɗanta zai yi shekara uku ba labari, a ambace shi ta ce ba ta san shi ba? Dokarsa kuma ta hana shi cewa akwai mara lafiya. Ya ce, “A yi haƙuri,” ya saɓa burgaminsa ya wuce. Assha, Lawali! Mutumin da ke karanta kunci da gawayi, ya kasa karanta tsohuwar da ta ƙi ɗago kai daga turmi.

Ya yi yini biyu yana bin ƙauyukan baya, gida-gida, har ƙafarsa ta tsage. Babu. Ya dawo Gwandu a gajiye, ya zube a rumfar Mamman ya kwashe labari ya faɗa masa. Tsohon ya ajiye askar da yake wasawa.

“Shi Nomau ɗin, na nawa ne wajen uwarsa?”

“An ce shi ne babba.”

“La'ilaha illallahu! Ɗan fari? Ka tambayi mace ɗanta na fari, da sunansa na yanka, a gaban dangin mijinta? Kai wace uwa ta raine ka?”

Lawali ya ce, “Babu.”

Mamman bai yi nufin taɓa nan ba. Sai ya sassauta murya ya ce, “Ko wuƙa ka sa mata a wuya ba ta amsawa, ɗana. Kunya ce. Ba ta taɓa kiran sunan nan ba tun da ta haife shi, ba a bakinka za ta fara amsa shi ba.”

Ba wai Lawali bai taɓa jin kunyar ɗan fari ba. Ya ji, kamar yadda kowa ya ji. Amma ji a bakin mutane daban, tashi a ɗakin da ake yin ta daban. Bai ko sha ruwan da aka kawo masa ba, ya ari jakin Mamman ya juya Masama.

Wannan karon bai je wajen sussuka ba. Ya jira har ta fito ita kaɗai za ta rijiya, ya tsaya nesa kaɗan, ya kau da kai, ya ce, “Inna, ba tambaya na zo yi ba. Akwai wani bawan Allah kwance a Kalgo, ba shi da lafiya ƙwarai. Ga jaki.”

Ta ajiye tulun a nan kan hanya. Ta shiga ɗaki ta fito da ƙunshi a ɗaure, wanda da gani ba yanzu aka ɗaure shi ba. Ta ce, “Tun da ka juya na ɗaure shi. Ban san ta inda ka bi ba, kuma ban iya tambayar kowa.”

Suka kama hanya, ita a kan jaki, shi yana ja. Kwana biyu da rabi ba su yi magana goma ba. In ya ce ta sauka ta huta, sai ta ce, “Mu dai tafi.” Da la'asar suka shiga Kalgo. Tun daga nesa Lawali ya hango Laraba mai fura a ƙofar zaurenta, ga tabarma an wanke an shanya a kan danga.

Laraba ta tare su ta ce, “Sai haƙuri. Jiya da hantsi ya cika, an kai shi kafin azahar. Tun da dogari ya tafi idonsa na kan ƙofar nan.”

Hadiza ba ta yi kururuwa ba. Ta sauka, ta shiga zauren, ta zauna daidai inda aka nuna mata ya kwanta, ta dafa ƙasar da tafin hannu. Ta daɗe a haka. Sannan ta kira Lawali, ya zo ya tsuguna daga bakin ƙofa.

Ta ce, “Faɗa mini gaskiya. Da na biyo ka zuwanka na fari, da na iske shi?”

Ga Laraba can tana masa alama da ido ya ce a'a. Ƙaryar ma mai sauƙi ce, ba wanda zai kama shi. Amma Lawali bai iya ba. Ya ce, “Da kin iske shi, Inna.”

Ta gyaɗa kai ta ce, “To ni na hana kaina.”

Ya ce, “A'a, wallahi. Ni ne ban iya tambaya ba.”

Ba wanda ya yarda da maganar ɗan'uwansa a cikinsu, kowa ya riƙe laifin a matsayin nasa. Lawali ya yi wata shekara goma sha ɗaya yana cigiya bayan wannan, ya haɗa mutane da yawa da danginsu, amma har ya mutu bai yafe wa kansa yini biyun nan ba.

Washegari da safe ya kawo jakin zai mai da ita gida. Ta karɓi igiyar daga hannunsa, ta ce za ta miƙa wa wanzamin jakinsa in ta bi ta Gwandu. Ya ce hanya da nisa, ga ta ita kaɗai, bari dai ya raka ta.

Ta ce, “Zauna, ɗana, ka gaji. Yanzu ba sauri nake yi ba.”