Samson, da Jirgin da Ya Juya a Gitata

Kai mai karanta wannan takarda, ina yi maka gargaɗi tun kafin ka yi nisa. Idan kana da ƙane mai yawan surutu a kan abin da yake so, kada ka riƙa ce masa ya yi shiru. Ni na yi shekara ashirin ina ce wa nawa ya yi shiru, ga shi yanzu ya yi.

Ranar Alhamis, sha huɗu ga watan Agusta na shekarar 2025, da misalin ƙarfe uku da rabi na yamma, Ubangiji ya kira ƙanena, Kyaftin Samson Dogara, matuƙin jirgi mai saukar ungulu. Ya rasu a ɗakin shan magani na ƙauyenmu da ke bayan Fadan Kagoma, yana da shekara arba'in da bakwai. Ya bar matarsa Afiniki da 'ya'ya uku. Ni ce yayarsa Hellen. Mahaifiyarmu ta rasu yana da shekara shida, ni kuma ina aji uku na sakandare, don haka ni na ƙarasa renonsa, kuma ban yi masa renon shagwaɓa ba.

Samson, ka sha bulala a hannuna saboda jirgi. Ranar da helikwafta ya fara sauka a filin ƙwallo na Kafanchan a idonka, na aike ka niƙa, ka ajiye min masara a bakin hanya ka bi ƙara. Kai da abokinka Abubakar Siddiƙ, ɗan Hajiya Kubra mai sayar da yadi a kasuwa, kuka dawo da yamma ƙafafunku duk laka. Awaki sun riga sun gama da masarar. Na dake ka, na dake shi ma, kuma da uwarsa ta ji sai ta aiko a ce min in ƙara masa. Benci ɗaya kuka zauna a firamare, kamfani ɗaya kuka ƙare kuna tuƙa wa jirgi.

Kowace Kirsimeti a gidana kake yi, kuma kowace Kirsimeti sai an yi gardamar nan. Mijina Ishmael tsohon malamin labarin ƙasa ne, bai taɓa sa ƙafarsa cikin jirgi ba, amma tun da ya sami babbar waya ya zama masani. Shi a wurinsa babu kamar Mi-35 na Rasha, mai sulke da bindigogi. Ɗana Gershon kuwa Chinook yake riƙe da shi, mai farfela biyu, wanda ya ce yana ɗaga mota kamar shaho ya ɗauki ɗan tsako. Kai sai ka jingina da bango kana dariya.

"Malam, kai da ko mangwaro ba ka iya hawa, yaushe ka zama alƙalin sama?"

"Kyaftin, shekara talatin ina koyar da taswira. Da taswirata kake tashi, ka yi min ladabi."

"To ni dai ku bar min tsohon Bell ɗina. Kamar akori-kurar citta yake. Ba kyau, ba girman kai, amma zai kai kaya ya dawo da direba."

Daga nan sai a koma kan wane ne gwanin matuƙi. Ishmael ya ce gwani shi ne wanda zai ratsa tsakanin duwatsu biyu cikin hadari ko gezau. Kai kuma ka ce duk wanda aka koya wa zai iya tayar da jirgi. Gwani shi ne wanda babban mutum yake zaune a bayansa yana daka masa tsawa, shi kuma ya juyo ya ce, ranka ya daɗe, yau ba za mu je ba. Ni kuwa ina kicin ina faɗa, shinkafa tana hucewa, ina ce muku ranar haihuwar Mai Ceto ce, ba ranar jiragen yaƙi ba. Har yau ina ganin ina da gaskiya a kan shinkafar.

Ba a baki kaɗai ka faɗi maganar ba. Akwai watan Janairun da ka ɗauko wani babban mutum zuwa taro a wani ƙauye kusa da Nok. An shirya za ka sauka a filin makarantar firamare. Lokacin shanyar citta ne, matan garin sun baje wahalarsu ta shekara guda a filin, daga wannan raga zuwa waccan. Masu shirya taron sun ɗauka jirgi kamar mota yake, wurin da zai tsaya kawai yake bukata. Sai suka share daidai tsakiya, suka zagaye da toka, suka bar citta ko'ina a gefe. Ka hango daga sama, ka san iskar farfela za ta watsa cittar nan har cikin daji. Ka ƙi sauka. Ka je ka sami wani fako mai nisan fiye da kilomita ɗaya, babban mutum ya tattare babbar rigarsa ya hau mashin. An ba ka takardar tuhuma a wurin aiki. Bayan mako biyu wasu mata uku suka yi ta tambaya har suka gano gidana, suka ajiye kwandon citta, suka ce a ba direban sama. Ba su ma san sunanka ba.

Haka kake a ƙasa ma. Ba ka taɓa barin Ishmael ya tayar da motarsa zuwa Kaduna ba sai ka zagaya ta, ka taɓa kowace taya da hannu, ka leƙa ƙarƙashi. Na sha ce maka kana ɓata mana lokaci. Sau ɗaya ka samu noti biyu sun kwance a tayar gaba, ka nuna min su a tafin hannunka.

Ranar da abin ya faru kana hutu. Mun je ƙauye tare, ni da kai da Afiniki, tun ranar Litinin, don a gyara kabarin Baba. Ruwa ya kama tun daren da muka isa, kwana uku bai ɗauke ba. Rafin da ke tsakaninmu da babbar hanya ya cika ya shanye gada, mota ba ta wucewa, mashin ba ya wucewa. Da safiyar Alhamis ka ce bari ka leƙa gonar citta ka ga ko ruwa ya kwanta a ciki. Wajen ƙarfe goma aka kawo ka a kan ƙyauren ɗaki, kana dafe da ƙirji. Ma'aikaciyar lafiyar ƙauyen ta yi duk abin da ta sani da abin da take da shi. Ta ce zuciya ce, sai babban asibiti, kuma ba gobe ba.

Afiniki ta tsaya a bakin taga, inda sabis yake kamawa, ta kira kamfaninku. Ba su yi jinkiri ba, wannan zan faɗa a gaban kowa. Suka ce akwai jirgi a Abuja, tafiyar ba ta kai awa ɗaya ba, kuma wanda yake bakin aiki Abubakar ne. Da na ji sunansa na durƙusa na gode wa Allah. Na ce an gama.

Kai da kanka, kana numfashi da ƙyar, ka faɗi yadda za a shirya filin makaranta. A kore awaki. A kwashe duk wani kwanon rufi da ke yashe. A tara ɗanyen ciyawa a hura, don hayaƙi ya nuna inda iska take bi. Duk ƙauyen ya fito ya yi. Muka tsaya cikin ruwa muna kallon sama, maza da mata, har da tsofaffin da ba su fita sujada saboda ƙafa. Gajimare ya sauko ya rufe duwatsu, ya rufe kan giginya. Hayaƙinmu yana tashi kaɗan sai ya ɓace a cikinsa. Duk ƙarar da aka ji sai wani ya ce ga shi nan, ashe tsawa ce daga nesa.

Ƙarfe ɗaya da wani abu waya ta yi ƙara. Ni na ɗauka.

"Yaya Hellen, Abubakar ne. Na dawo Abuja."

"Ka dawo ina? Mu muna nan a fili."

"Na kai saman garin Gitata na juya. Ba na ganin ƙasa, ba na ganin dutse. Mu huɗu ne a ciki, ni da mataimakina da likita da nas."

Zan rubuta abin da na ce masa, domin ban saba ɓoye laifina ba, kamar yadda ban saba ɓoye na wasu ba. Na ce, "Da kai ne a kwance, da ya zo." Sannan ya ce in ba ka wayar.

Na ruga ɗakin shan magani, inda kake kwance kusa da taga, na riƙe maka ita a kunne. Ka tambaye shi wasu lambobi da ban gane ba, ya ba ka amsa. Ka rufe ido, ka ce, "Ka yi daidai. Da ka matso da na mare ka." Ni kaɗai na ji wannan, Afiniki tana waje tana kuka. Abubakar ya zauna a gindin jirgin yana jiran sama ta buɗe. Ƙarfe uku ya sake tayar da inji. Ƙarfe uku da rabi muka kira muka ce ya kashe. Ƙarfe biyar rana ta fito tas, har ana ganin kowane dutse.

Samson, ban sani ba ko gaskiya ka faɗa masa ko kuwa sauƙi ka yi wa abokinka. Na juya maganar ta kowace fuska, ban gano ba, kuma babu wanda zan tambaya.

Da aka zauna makoki, gardamar ta dawo gidana, amma ba irin ta da ba. Babu mai dariya. Ishmael yana ta maimaita wa masu gaisuwa cewa da jirgin soja ne da ya ratsa, da gwani ne da ya iso. Na san ciwo ne yake sa shi, domin bai taɓa samun abokin hira kamarka ba. Gershon kuwa, ɗan shekara ashirin da shida, mai digiri, ya hau Facebook ya rubuta cewa matsoraci ne ya kashe kawunsa, ya sa sunan Abubakar cikakke. Kafin kwana biyu, mutanen da ba su taɓa ganin ɗayanku ba sun taru a ƙarƙashin rubutun. Ba maganar gajimare suke yi ba. Maganar addini suke yi. Duk wanda ya girma a garin nan ya san inda irin wannan magana take kai mutane, kuma ya san ba a kan mai rubutun take fara sauka ba. Hajiya Kubra tana nan a gidanta na bayan kasuwa, ita da jikokinta. Ta zo gaisuwa da kular abinci, ta zauna a bakin ƙofa, wasu matan da muke zumuntar coci ɗaya da su suka ƙi amsa mata. Na gani da idona, kuma a ranar ban ce komai ba.

Abubakar ya zo jana'iza ta mota, ya tsaya can baya. Da aka watse na same shi, na tambaye shi abu ɗaya. Na ce ya faɗa min tsakaninsa da Allah, akwai jirgin da zai iya isowa a ranar?

"Wataƙila akwai, Yaya," in ji shi. "Ba shi ne a hannuna ba."

Ban iya ce masa na yafe ba, ban kuma iya ce masa akwai abin yafewa ba. Na ce ya gaida gida.

Ni ban san wane jirgi ne ya fi kowane a duniya ba. Na san dai dukansu suna wani wuri a ranar, mai sulke da mai farfela biyu, mu kuma muna tsaye a filin makaranta da ɗanyen ciyawa. Ba ni da ikon gada, ba ni da ikon gajimare, ba ni da ikon bakin mutanen gari.

Ubangiji Allah, kai ka ba mu Samson, kai ka karɓa. Ka gafarta masa kurakuransa, ka ba shi hutawa a wurinka saboda Yesu Almasihu. Ka ta'azantar da Afiniki, ka zama uba ga 'ya'yansa uku, ka ba mu ƙarfin riƙe su. Ina miƙa ta'aziyya ga dukan iyalin Dogara, ga ikilisiyarmu, ga mutanen ƙauyenmu da suka tsaya cikin ruwa, ga ma'aikaciyar lafiyar da ba ta bar gefensa ba, da abokan aikinsa. Ina miƙa ta'aziyya ga Abubakar Siddiƙ da mahaifiyarsa, domin su ma an yi musu rashi.

Abin da nake da iko da shi gidana ne. Jiya bayan addu'ar safe na tara su a falo. Gershon ya goge rubutunsa a gabana, ya rubuta wani na ban haƙuri, na karanta kafin ya tura. Ishmael ya buɗe baki, na ce, "Baban Gershon, ka bari in gama." Ga dokar da na kafa. Duk wanda ya sake kiran Abubakar matsoraci a ƙarƙashin rufin nan, miji ne ko ɗa ko baƙo, ba zai ci daga tukunyata ba. Kuma kowace Lahadi bayan sujada, mutum ɗaya daga gidan nan zai je gaida Hajiya Kubra, da ƙafa, ta tsakiyar kasuwa, da kayan coci a jikinsa, inda kowa zai gan shi. Gershon ya tambaya ko shi zai fara. Na ce a'a. Ni na fara faɗin maganar a waya ranar nan, ni zan fara zuwa.