Rabon Milunka a Gidan Slankamen

Milunka Jeremić tana da shekara saba'in da huɗu, tsohuwar ma'aikaciyar gidan waya ce a Novi Sad. Duk watan Afrilu takan hau bas zuwa ƙauyen Slankamen, ta buɗe gidan hutun da mahaifinta ya gina a kan tudu, inda ake hango kogin Danube, ta shafa masa farar ƙasa.

Mahaifin nata direban jirgin ƙasa ne. A 1968 ya gina ɗaki ɗaya da baranda, domin yara su sha iska lokacin zafi. Da ya rasu, Milunka ta je kotu ta sa hannu, ta bar wa ƙaninta Dragoljub rabonta, yadda mata suka saba yi wa 'yan'uwansu maza. Ba wanda ya tilasta mata. Ta ce da ta ƙi, da ba ta iya haɗa ido da dangi ba.

Gidan ya yi aiki iri-iri. Daga 1995 'yan gudun hijira shida suka yi hunturu biyu a ciki. Mijin Milunka ya yi kiwon zuma a bayan gidan har ya rasu. Daga baya ya zama ma'ajiyar tsofaffin kujerun dangi. Dragoljub kuwa sau ɗaya yake zuwa a shekara, ranar da ake gasa tattasan ajiya da kaka.

Bana ya zo da wani likitan haƙori daga Belgrade mai son sayen gidan. Suka iske ta tana ɓare tattasai, hannuwanta baƙi ƙirin.

"Yaya, ina famfon ruwa yake?" in ji Dragoljub.

"Ka tambayi mai gida mana."

Ya kai baƙon wajen rijiyar da ta ƙafe tun shekara ashirin. Ya ce masa itacen kusurwa tuffa ne.

"Gyaɗar turawa ce, malam mai gida," in ji Milunka, ba ta ko ɗago kai ba.

Likitan ya yi dariya, ya ce ba komai, ai takarda da sunan Dragoljub take. Dragoljub ya daɗe yana kallon bangon da ya sha farar ƙasa. Sannan ya raka baƙon mota, ya dawo ya jawo kujera.

"Litinin mu je kotu a mayar miki da rabinki."

"Litinin ina zuba tattasai a kwalabe. Talata."

Ranar Talata suka je.